Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Mano Dayak

Gabatarwa

Mu da muka tashi a Mararaban Rido mun saba ganin Buzaye da rawunansu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san ƙasarsu ta Azbin, a arewacin Nijar. Wannan maƙala za ta kawo tarihin wani ɗan ƙasar da ya sa duniya ta san ta.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mano Dayak a shekarar 1949 a kwarin Tiden, cikin duwatsun Azbin. Iyayensa makiyaya ne. Ya fara karatu a makarantar 'ya'yan makiyaya, ya ci gaba a Agadas, birnin da Hausa ce harshen kasuwarsa, sannan ya wuce Yamai. Daga baya ya ƙaro ilimi a Amurka da Faransa.

Sana'arsa

Da ya komo gida, sai ya kafa kamfanin Temet Voyages a Agadas, yana kai baƙi yawon buɗe ido cikin duwatsun Azbin da rairayin Tenere. A kwaruruwan yankin akwai goriba da aduwa da bagaruwa, ga lambunan Timiya masu dabino da lemo. A wancan zamani akan ga barewa da jimina, da ragon dutse a kan tsaunuka. Direbobi da 'yan jagora da maƙeran azurfa duk sun ci abinci ta wannan hanya.

A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe yankin a matsayin gandun daji mai faɗin hekta miliyan 7.7, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya.

Tawaye

Sai dai fari da talauci da kukan wariya sun kai Buzaye ga ɗaukar makamai, musamman bayan kashe-kashen Cintabaraden na 1990. Mano ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen, ya kuma rubuta littafi da Faransanci a 1992 kan halin da mutanensa suke ciki. A wannan shekarar ce aka sa gandun cikin wuraren da ke fuskantar haɗari. Baƙi suka ɗauke ƙafa, tsaron gandun ya raunana, mafarauta suka samu sarari, har jimina ta ɓace daga dajin.

Rasuwarsa

Ranar 15 ga Disamba, 1995, jirgin saman da ya ɗauko shi zuwa Yamai don tattaunawar sulhu ya faɗi a Azbin, ya rasu. Filin jirgin saman Agadas na ɗauke da sunansa.

Kammalawa

Da hannunsa ya buɗe wa baƙi ƙofar hamada, yaƙin da ya shiga kuma ya rufe ta. Ko dabbar daji ma sai da zaman lafiya take rayuwa. Allah ya jiƙansa, amin.