Tarihin Paul Baran, masanin da ya koya wa saƙo neman hanya (1926-2011)

Kowane saƙo da ke tafiya ta intanet, ko na murya ne, ko rubutu, ko hoto, ba ya tafiya a dunƙule. Yayyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ya bi hanyar da ta samu, sa'an nan a harhaɗa su a wurin wanda aka aika wa. Wannan dabara ita ce ginshiƙin sadarwar zamani, kuma ɗaya daga cikin mutane biyu da suka fara tsara ta shi ne Paul Baran, injiniya ɗan ƙasar Amurka. Ya kafa kamfanoni da dama, ya mallaki takardun haƙƙin ƙira masu yawa, amma ƙirarsa mafi girma bai sa mata takardar mallaka ba, ya bar ta ga duniya.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Paul Baran ranar 29 ga watan Afirilu na shekarar 1926 a garin Grodno, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Folan, yanzu kuwa cikin Belarus. Iyayensa Yahudawa ne, shi ne kuma auta cikin ƴaƴansu uku. A shekarar 1928 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka fara sauka a Boston, daga baya suka zauna a Filadalfiya, inda mahaifinsa ya buɗe ɗan kantin kayan abinci. Tun yana yaro shi ke kai wa masu ciniki kayansu gida-gida a cikin ƙaramin keken ja.

Ya yi karatun injiniyan lantarki a makarantar Drexel ta Filadalfiya, ya gama a 1949. Aikinsa na farko a kamfanin Eckert-Mauchly ne, masu ƙera UNIVAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da aka sayar a kasuwa. Na'urorin wannan zamani suna cika ɗaki guda, kuma dubban fitilun da ke cikinsu ba su daɗewa suke ƙonewa. A nan ya fara fahimtar abin da zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa, watau yadda za a gina abu mai aminci da kayan da ba su da aminci. A 1955 ya yi aure, ya koma Los Anjalas, ya kama aiki da kamfanin Hughes, yana kuma karatun dare a jami'ar Kalifoniya, har ya sami babban digiri a 1959. A wannan shekara ce ya shiga cibiyar bincike ta RAND, wadda rundunar sojan sama ta Amurka ke ɗaukar nauyin mafi yawan ayyukanta.

Matsalar da ya tarar

Lokacin yaƙin cacar baka ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowace tana tara makaman ƙare dangi. Binciken RAND ya nuna cewa layukan talho na nesa a Amurka duk suna ratsa wasu ƴan manyan tashoshi ne, idan aka rusa su, shugabanni ba za su iya magana da sojojinsu ba. Haɗarin da ke cikin wannan ya wuce maganar waya. Ƙasar da ta san bugu ɗaya zai kurmantar da ita, da ta ji motsi za ta yi gaggawar fara harbi, ko da motsin na ƙarya ne. In kuwa ta tabbata za ta iya magana bayan an kai mata hari, tana da sararin tsayawa ta bincika. Saboda haka Baran ya ɗauki gyaran hanyoyin sadarwa a matsayin aikin hana yaƙi.

Ya zana siffofi uku na haɗa tashoshi. Ta farko, kowa yana rataye da cibiya guda, in ta faɗi kowa ya faɗi. Ta biyu, akwai ƙananan cibiyoyi da dama masu haɗuwa a sama, wadda ita ce siffar talho ta lokacin. Ta uku kuwa ba ta da cibiya ko kaɗan, kowace tasha tana ɗaure da maƙwabtanta kamar idanun taru na masunta. Ya gwada siffa ta uku a cikin kwamfuta da tashoshi 324, yana rusa su da ka, yana ƙidaya waɗanda suka rage suna jin juna. Abin da ya fito ya ba da mamaki: ba a bukatar layuka masu ɗimbin yawa. Ninki uku ko huɗu na mafi ƙarancin layukan da ake bukata ya isa, ko da an rusa kusan rabin tashoshin, mafi yawan sauran za su ci gaba da sadarwa.

Yanka saƙo da jefa shi gaba

Samun hanyoyi da yawa bai wadatar ba sai an san yadda saƙo zai bi su. A tsarin talho na da, idan mutum biyu za su yi magana, ana keɓe musu layi tun daga wannan kai har wancan, ba mai shiga, ko da sun yi shiru. Ga shi kuma murya tana dusashewa duk lokacin da ta ratsa wata tasha, ta yadda ba za ta jure zagaye mai tsawo ba. Baran ya ce a mai da kowane saƙo lambobi biyu kawai, 0 da 1, domin kowace tasha tana iya sake rubuta su tsaf ba tare da sun gurɓace ba. Sa'an nan a yanka saƙon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ƙwayar lamba 1024, a rubuta mata inda ta fito, da inda za ta, da lambarta a cikin jeri.

Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ke da kaya masu yawa. Maimakon ya jira babbar mota guda da hanya guda, sai ya ƙulla kayan buhu-buhu, ya rubuta suna da lamba a kan kowanne, ya ba duk motar da ta samu. Wani buhu ya bi gabas, wani ya zaga ta kudu, mai karɓa ya jera su bisa lambobinsu, in ɗaya ya ɓace ya nemi a sake aiko shi kaɗai. Ƙa'idar da ya sa wa tashoshi kuwa ya kira ta da sunan dankali mai zafi: wanda aka miƙa wa ba ya riƙewa, nan take yake jefa wa na gaba. In hanya mafi kusa ta toshe, sai a bi mai bi mata. Kowace gunduwa tana ɗauke da ƙidayar tashoshin da ta ratsa, da wannan ƙidaya tashoshi ke koyon wace hanya ce ta fi sauri, ba tare da wani shugaba ya gaya musu ba.

A 1964 RAND ta buga wannan aiki cikin juzu'i 11, aka ajiye wasu biyu da suka shafi asirin tsaro. Sauran duk an bar su a buɗe, ba a kuma nemi takardar mallaka a kansu ba. Dalilin Baran shi ne, Amurka za ta fi zama lafiya idan ita ma Tarayyar Sobiyet tana da hanyar sadarwa mai jure hari, domin abokin gaba mai firgita ya fi kowa haɗari.

Ƙin manya da jiran lokaci

Kamfanin AT&T, wanda ke riƙe da layukan nesa na Amurka a lokacin, ya ƙi abin ƙememe. Injiniyoyinsa sun tashi cikin tsohon tsari, suna ganin wannan saurayi bai san yadda talho ke aiki ba, har suka shirya masa jerin darussa domin su fahimtar da shi. Ya saurara, bai canja ra'ayi ba. A 1965 RAND ta ba sojan sama shawarar a gina tsarin, amma aka ce wata hukumar sadarwa ta ma'aikatar tsaro ce za ta yi aikin, alhali ma'aikatanta ba su da masaniya kan sabuwar fasahar. Baran ya auna ya ga in suka gwada suka kasa, za a ce dabarar ce ba ta da kyau, a binne ta shekaru masu yawa. Sai ya ba da shawarar a dakatar da aikin. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya hana a gina abin da ya ɓata shekara biyar yana tsarawa, amma mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A wannan shekara ta 1965, wani masani a Ingila mai suna Donald Davies ya kai ga irin wannan dabara ba tare da ya san aikin Baran ba, shi ne ma ya raɗa wa gunduwar saƙo sunan ƙunshi, sunan da ya bi ta. A wani taro na 1967 abokin aikin Davies ya ja hankalin Lawrence Roberts, mai tsara hanyar ARPANET, zuwa ga rahotannin Baran. ARPANET ta fara aiki a 1969 da tashoshi huɗu a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Ba don yaƙi aka gina ta ba, an yi ta ne domin masana su yi tarayya a kan kwamfutoci masu tsada, amma a kan yanka saƙo ta tsayu, kuma daga gare ta intanet ya samo asali.

Shugaban kamfanoni da takardun mallaka

Baran ya bar RAND a 1968, ya shiga cikin waɗanda suka kafa wata cibiya ta nazarin abin da gobe za ta haifar. Tun 1966 ya riga ya gargaɗi majalisar dokokin Amurka cewa tara bayanan jama'a a cikin kwamfutoci zai iya tona asirin mutane in ba a yi doka ba. A 1972 ya shiga kasuwanci da kamfanin Cabledata Associates, daga nan ne rabi na biyu na rayuwarsa ya fara, na takardun haƙƙin ƙira.

Takardar haƙƙin ƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙira da hukuma. Shi zai bayyana sirrin ƙirarsa filla-filla a rubuce, ita kuwa za ta hana kowa yin kasuwanci da ita sai da izininsa har wani wa'adi, yawanci shekara 20, bayan haka ta zama ta kowa. A Nijar da sauran ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Bangi ta 1977, ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ce ke ba da irin wannan takarda.

Mafi shahara cikin takardun Baran ita ce ta 1984, a kan wata irin modam, watau na'urar da ke mai da lambobin kwamfuta sauti domin su bi layin talho. Modam na lokacin suna tura komai ta murya guda, in layi yana da ƙara sai magana ta yanke. Shi kuwa ya raba layin zuwa ƙananan muryoyi masu yawa, na'urar ta auna kowace, ta ɗora wa mai tsabta kaya da yawa, ta rage wa mai ƙara, ta bar wadda ta lalace. Kamfaninsa Telebit ya fitar da modam TrailBlazer a 1985 mai muryoyi kimanin 500, wadda ke kai ƙwayar lamba kusan 18,000 a daƙiƙa, a zamanin da aka saba da 1200 ko 2400. Ta yi suna musamman a wuraren da layuka ba su da kyau. Irin wannan raba layi shi ne daga baya aka yi amfani da shi wajen shigar da intanet mai sauri ta tsofaffin wayoyin gidaje.

Yana cikin waɗanda suka kafa Equatorial Communications a 1979, masu karɓar saƙon tauraron ɗan Adam da ƙaramin faranti mai faɗin santimita 60. Daga aikinsa na tura murya cikin ƙunshi aka haifi kamfanin StrataCom a 1986, wanda Cisco ya saye a 1996 a kan dala kimanin miliyar 4. Da kamfanin Metricom kuwa ya koma ga tarunsa na farko, amma ba tare da waya ba: ƙananan akwatunan radiyo a kan turakun fitilun titi, kowane yana miƙa wa maƙwabcinsa saƙo. A 1992 ya kafa Com21, mai ƙera modam ta wayar talabijin. Ba dukansu suka ɗore ba. Metricom ya karye a 2001 bayan ya kashe kuɗi masu yawa kafin ya sami isassun masu ciniki, Com21 ma ya bi sahu a 2003. Kamfanonin sun shuɗe, wa'adin takardun ya cika, dabarun kuwa suna nan cikin na'urorin wasu.

Ƙarshen rayuwarsa

An ba shi lambar girma ta Alexander Graham Bell a 1990, da ta Marconi a 1991, sa'an nan a 2008 shugaba George Bush ya rataya masa lambar ƙasa ta fasaha da ƙirƙira. Duk da haka bai yarda a kira shi uban intanet ba. Yakan kwatanta aikin da ginin babban ɗakin ibada da ake yi ƙarni bayan ƙarni, kowane magini ya aza tubalinsa a kan na wani, ba wanda ya isa ya ce shi kaɗai ya gina. Matarsa ta riga shi rasuwa a 2007. Shi kuma ya rasu ranar 26 ga watan Maris na 2011 a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 84.

Lissafin da ya yi bai tsufa ba. Ranar 14 ga watan Maris na 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni ko ya yanke a ƙasashe fiye da goma, har da Nijar, domin wayoyin huɗu duk yanki ɗaya na teku suka ratsa. Ƙunshin saƙo yana iya neman wata hanya ne kawai idan an riga an gina ta. Ga ƙasar da ba ta da bakin teku, wadda layukanta ke ratsa ƙasashen maƙwabta, aikin magabata da injiniyoyi shi ne su tabbata ƙofofin fita sun kai uku ko huɗu, kuma kowace ta bi nata ɓangare dabam.