Muhammadu Ali Sa'id: Ɗan Barno Da Ya Yi Soja A Amurka

'Yan'uwa mata, a wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wani yaro da aka raba da uwarsa aka sayar, daga baya ya ɗauki bindiga a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a Amurka.

An haifi Muhammadu Ali a Kukawa wajen shekarar 1836. Mahaifinsa shi ne Barka Gana, babban mayaƙin Shehu Laminu na Barno. Yana saurayi ya bi abokansa farauta, alhali mahaifiyarsa ta gargaɗe shi. A can mahara suka kama su. Aka bi da shi ta Katsina da Damagaram, aka keta Sahara har Tarabulus. Daga hannu zuwa hannu ya isa Istanbul, sannan Rasha, inda a 1855 aka yi masa baftisma aka sa masa suna Nikolas. Kun ga abin da bauta ke yi ke nan: ta raba ɗa da uwa, da gari, har da addinin da ya tashi a ciki.

A 1860 ya sauka Amurka yana ɗa, ba bawa ba, yana jin Larabci, Turkanci, Rashanci da Faransanci. Da yaƙin basasa ya ɓarke, sai a 1863 ya shiga rundunar sa kai ta baƙaƙen fata mai lamba 55 ta jihar Masacusat, har ya kai muƙamin saje. Nan ma ba a bar su sun huta ba. Farin soja na karɓar dala 13 a wata, baƙi kuwa dala 10, a kuma cire 3 kuɗin kaki. Rundunar ta ƙi karɓar albashin fiye da shekara guda, iyalansu na cikin matsi, sai a 1864 aka daidaita. Daga baya ya bar sajen ya koma aiki a asibitin rundunar.

Bayan yaƙi ya ƙare a 1865, ya zauna a kudancin ƙasar yana koyar da 'ya'yan bayin da aka 'yanta. A 1873 ya buga littafin tarihin rayuwarsa, amma bai ambaci aikin soja ba. Bai sake taka Kukawa ba.

Allah Ya tsare mana zuri'armu, amin.