Labarin Guan Daosheng, Mai Zanen Gora ta Ƙasar Sin

Mu da ke koyon rubutu da zane a wannan makaranta, ya kamata mu san labarin wata mace ta ƙasar Sin, wadda ake kira Guan Daosheng. An haife ta cikin shekara ta 1262, a lardin Wuxing. Tana budurwa Mongolawa suka gama cin ƙasar da yaƙi, cikin 1279, sarautar gidan Song ta faɗi.

Mijinta, Zhao Mengfu, jinin wannan sarauta ne da ta faɗi, amma Sarki Kublai Khan ya kira shi aiki ya amsa, abin da waɗansu mutanensa ba su taɓa yafe masa ba. Ta bi shi har babban birni, Dadu, watau Bejin ta yau. Ga daraja, ga dukiya, amma zuciyarta na gida. Cikin waƙoƙinta ta yabi zaman masunci cikin ɗan jirginsa, ta fifita shi bisa zaman fada, kuma ba wuya a gane wanda ta ke yi wa hannunka mai sanda.

Abin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne zanen gora. A wurin Sinawa gora misalin mutumin kirki ce, gama iska na tanƙwara ta ba ta karya ta, ba ta kuwa kaɗe ganye da hunturu. Saboda haka zanenta aikin manyan malamai maza ne. Ita kuwa ta shiga, da baƙar tawada kaɗai da alƙalamin gashi. Galibinsu reshe ɗaya su kan zana kusa da ido. Ita sai ta ja da baya, ta zana kurmin gora dukansa a bakin ruwa, hazo ya lulluɓe shi. Wanda ta yi cikin 1308 yana nan ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Taipei.

Ana ba da labari, wai mijinta ya so ya yi sa-ɗaka, sai ta yi masa waƙa, ta misalta su biyun da siffofin yumɓu da aka farfasa aka sāke kwaɓawa, har ba a iya raba na wani da na wani. Wai da ya karanta ya fasa. Mu dai ba mu ga laifinsa ba.

Sarki Renzong ya sa aka tara rubutun hannunta da na mijinta da na ɗansu Zhao Yong, aka ajiye cikin taskar fada, domin na baya su san an yi gida guda, miji da mata da ɗa, duk gwanayen alƙalami. Cikin 1317 aka ba ta sarautar Uwargidan Wei.

Sa'an nan ciwo ya tsananta mata, Sarki ya ba su izni su koma gida. Ba ta kai ba. Ta rasu cikin jirgin ruwa a Linqing, shekara ta 1319. Mijinta ya bi ta cikin 1322, aka binne shi tare da ita.