Luwi Biray, Makahon da Ya Ba Makafi Rubutu

A unguwar Widi, kamar sauran unguwannin Wagadugu, yara sun saba ganin makaho riƙe da sanda, ɗan jagora yana gabansa. Mutane da yawa suna zaton wanda ya rasa ido ba shi da abin yi sai bara. To, ga labarin wani makaho wanda ya ci abinci da guminsa, ya kuma buɗe wa ƴan'uwansa makafi ƙofar karatu da rubutu. Sunansa Luwi Biray. Da Faransanci ana rubuta sunan haka: Louis Braille.

An haifi Luwi ran 4 ga watan Janairu na 1809 a ƙauyen Kubure (Coupvray), wajen kilomita 40 gabas da birnin Paris, a ƙasar Faransa. Shi ne auta cikin ƴaƴa huɗu. Ubansa baduku ne, yana ɗinka kayan dawaki. Wata rana, Luwi yana da shekara 3, sai ya shiga wurin aikin ubansa, ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini yana wasa da guntun fata. Ƙarfen ya kuɓuce, ya soke shi a ido. A zamanin nan babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau. Ciwon ya ci ido ɗaya, ya koma ga ɗayan. Yana da shekara 5 ya makance sarai.

Iyayensa ba su ɓoye shi a ɗaka ba, ba su kuma tura shi bara ba. Ya koyi yawo cikin ƙauyensu da sanda. Limamin cocin garin ya lura yaron yana da basira, ya sa aka karɓe shi a makarantar ƙauyen. Luwi ya zauna aji ɗaya da masu gani, yana saurare yana haddacewa. Amma in aka ce a buɗe littafi, ko a ɗauki alƙalami, sai ya zauna shiru.

A shekarar 1819 aka kai shi makarantar yara makafi ta Paris, yana ɗan shekara 10. Wani mutum mai suna Balantan Ayi (Valentin Haüy) ne ya kafa ta. Can akwai littattafai, amma ƴan kaɗan ne, ga girma ga nauyi. An buga su da baƙaƙen masu gani, manya-manya, masu tudu. Sai yaro ya bi kowane baƙi da yatsa kafin ya gane shi. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Babbar matsalar kuwa ita ce, makaho ba ya iya yin irin wannan rubutu da hannunsa. In yana son aika wasiƙa, sai ya nemi mai gani, ya faɗa masa asirinsa.

A 1821 aka kawo wa makarantar wata sabuwar dabara ta wani tsohon hafsan soja, Sharl Barbiye (Charles Barbier). Shi ɗigo-ɗigo masu tudu yake hudawa a takarda mai kauri. Yara suka ji daɗinsu, don yatsa ya fi saurin gane ɗigo bisa ga zane. Sai dai alama guda takan kai ɗigo 12, kan yatsa ba ya rufe ta a taɓi ɗaya.

Luwi ya duƙufa a kan wannan dabara, yana gwadawa yana sakewa, abokansa suna karantawa suna faɗa masa inda da gyara. Yana da shekara 15 zuwa 16 ya kai ga abin da yake nema. Ya rage ɗigon ya koma 6: uku a tsaye ta hagu, uku a tsaye ta dama. Ɗigo ɗaya a sama ta hagu shi ne a. In aka ƙara wani a ƙarƙashinsa, ya zama b. In biyun na sama ne, hagu da dama, ya zama c. Da ɗigon nan shida ana iya haɗa alama 63. Sun isa a rubuta baƙaƙe, da lambobin lissafi, da aya da waƙafi, har da alamun kiɗa.

Kayan rubutun ba su da yawa: allo mai ƴan ramuka, da tsinken ƙarfe, da takarda mai kauri. Ana huda takarda daga dama zuwa hagu, kamar yadda ake rubuta ajami. Sannan a juya ta, a karanta tudun da yatsa daga hagu zuwa dama. Daga nan makaho ya sami ikon rubuta darasinsa, da lissafin kuɗinsa, da wasiƙarsa, ya kuma karanta su da kansa.

Luwi ya buga littafin da ya bayyana dabararsa a 1829, ya sake gyara shi a 1837. Ya zama malami a makarantar da ya yi karatu, yana koyar da tarihi da lissafi da kiɗa. Yana kuma kaɗa babban abin kiɗan nan da Faransawa ke kira orgue a coci-cocin Paris.

Amma ba kowa ya yi murna ba. Waɗansu malamai masu gani ba su iya karanta ɗigon ba, suna ganin zai raba makafi da sauran jama'a. A 1840 aka naɗa sabon shugaban makaranta, ya hana amfani da rubutun. Ɗalibai ba su bari ba. Suka ci gaba da koya wa junansu a ɓoye, domin su ne suka san amfaninsa. A 1844, ranar buɗe sabon ginin makarantar, aka gwada rubutun gaban taron jama'a. Aka yi wa ɗalibi guda shifta ya rubuta, wani da bai ji shiftar ba ya zo ya karanta daidai. Daga nan aka sassauta.

Luwi ya daɗe yana fama da tarin fuka. Ya rasu ran 6 ga watan Janairu na 1852, yana da shekara 43. Sai a 1854 hukuma ta amince da rubutunsa. A 1878 wani babban taro a Paris ya zaɓe shi ya zama rubutun makafi na ƙasashe da yawa. A 1952 aka mai da gawarsa Fanteyon (Panthéon), inda Faransa ke binne manyan mutanenta.

Yau ana rubuta Faransanci da Larabci da Hausa da wannan ɗigo shida. Har Alƙur'ani mai girma an buga da shi. A nan Wagadugu an buɗe makarantar yara makafi a 1987. Tun daga 2019 kuma, duniya tana bikin ranar wannan rubutu kowace 4 ga Janairu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Yaron da ba ya gani, in an sa shi makaranta, zai iya riƙe kansa kamar kowa.

Kalmomi
makaho: aveugle
ɗigo: point
baduku: bourrelier, artisan du cuir
shifta: dictée

Tambayoyi
1. Yaya aka yi Luwi ya makance?
2. Me ya sa littattafan farko na makafi suke da wuyar karantawa?
3. Su wa suka riƙe rubutun Luwi sa'ad da aka hana shi? Don me?
4. Akwai yaron da ba ya gani a unguwarku? Yana zuwa makaranta?

Aiki
Ku samo marafan kwalba shida, ku jera a da b da c bisa tebur. Kowa ya rufe idonsa, ya gane su da yatsa.