Marigayi Arthur Ashe da Karonsa da Connors

An haifi Arthur Ashe a Richmond ta ƙasar Amurka a 1943, zamanin da ba a barin yaro baƙar fata ya taka filayen tanis na Turawan garinsu. Duk da haka ya ci gasar Amurka a 1968, ta Ostareliya a 1970.

An fi tuna shi da wasan ƙarshe na Wimbledon a 1975, shi da Jimmy Connors. Ba sa ga-maciji: Ashe ya soke shi kan ƙin buga wa ƙasarsu kofin Davis, Connors kuwa ya maka shi kotu. Connors na da shekara 22, ga ƙarfi, ga kofin a hannunsa. Ashe 31, bai taɓa cinsa ba. Sai ya ƙi biye masa. Ya riƙa sako masa ƙwallo sannu-sannu, ƙasa-ƙasa, har yaron ya rasa inda zai kai ƙarfin nasa. A ganina, kai ya fi shi, ba damtse ba.

A Fabrairun 1976 yana Legas wajen gasa aka kashe Janar Murtala. Malamanmu ba su manta makon ba. Bayan kwana uku, ana tsakar wasa, sojoji suka fitar da shi daga fili da bakin bindiga.

Ya rasu ran 6 ga Fabrairu 1993, sanadin ƙanjamau da ya ɗauka wajen ƙarin jini. Connors ya ci gasar Amurka sau biyar, amma babban filinta, da aka buɗe a 1997, sunan Ashe aka sa masa.