El Wafi, Gwarzon Gudun Da Zinare Bai Ciyar Da Shi Ba

Duk lokacin da gasar NIPOGA ta matso, za ka ga 'yan'uwanmu ɗalibai masu gudun dogon zango sun fito tun da asuba suna zagaya fili, wasu ma da takalmin aro. A cikinsu akwai mai burin wata rana wani kamfani ya ɗauki nauyinsa, ya riƙa cin abinci da ƙafarsa kamar 'yan Kenya da Habasha. Buri ne mai kyau, Allah Ya cika. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a bakin fili: ranar da ƙafar ta gaji, da me mutum zai ci tuwo? Tarihin Ahmad Bugera El Wafi, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Boughéra El Ouafi, ya isa ya sa duk mai wannan buri ya zauna ya yi lissafi.

An haifi El Wafi ranar 15 ga Oktoba, 1898, a Ouled Djellal, wani gari mai dabino a bakin Sahara, kusa da Biskra a ƙasar Aljeriya. A lokacin Aljeriya tana hannun Faransa tun 1830, kuma Musulmin ƙasar talakawan mulkin mallaka ne, ba su da cikakken 'yancin ɗan ƙasa irin na Bafaranshe. Yaro ɗan talaka a irin wannan wuri hanyoyinsa ba su da yawa, ko gona, ko kiwo, ko soja. El Wafi ya shiga sojan Faransa, kuma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin dakarun da aka girke a Jamus.

A barikin ne wani hafsa ya lura cewa wannan siririn sojan ba ya gajiya. A 1923 aka tura shi Paris gasar sojoji, ya yi abin a zo a gani. Shekara ɗaya bayan haka ya zama zakaran Faransa a gudun fanfalaki, wato tseren kilomita 42 da mita 195. Don ka gane nisan, ɗan'uwa, ya kusa kai tafiyar Funtuwa zuwa Malumfashi, kuma a guje, ba a bayan ɗan acaɓa ba. A gasar Olamfik ta 1924 da aka yi a Paris ya zo na bakwai.

Da ya bar soja sai ya samu aiki a masana'antar motoci ta Renault da ke Billancourt, a gefen Paris, inda 'yan Arewacin Afirka da yawa ke leburanci. Yana tsaye gaban injin sassaƙa ƙarfe yini guda, in an tashi ya je atisaye da kulob ɗin unguwar. A zamanin babu kuɗin ɗaukar nauyi, babu kwangilar takalmi, babu albashin ɗan wasa. Abin da ya samu a masana'anta da shi yake cin abinci, da shi yake biyan haya, da shi kuma yake gudu.

Ranar 5 ga Agusta, 1928, aka yi gudun fanfalaki na gasar Olamfik a Amsterdam ta ƙasar Holan. Hankalin 'yan kallo yana kan 'yan Finland da Amurka da Japan, ba wanda ya sa El Wafi a lissafi. Shi kuwa bai yi gaggawa ba. Ya bar su suka yi ta rige-rige a gaba, irin su Kanematsu Yamada na Japan da Joie Ray na Amurka, yana biye da su sannu a hankali. Da rabin tafiya ta wuce sai ya fara tsince su ɗaya bayan ɗaya. Saura kamar kilomita 5 a gama ya karɓe gaba, kuma ba wanda ya sake ganin ƙeyarsa sai a cikin fili. Ya kammala cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 57. Manuel Plaza na Chile ya biyo shi da tazarar daƙiƙa 26, Martti Marttelin na Finland ya zo na uku.

Wannan ita ce lambar zinare ɗaya tilo da Faransa ta ci a wasannin guje-guje da tsalle-tsalle a waccan gasa. Ka kuma lura da shekarar: saura shekara 32 kafin Abebe Bikila na Habasha ya ci irin wannan tsere ba takalmi a Rum, a 1960. Duk da haka idan ana lissafin gwarazan Afirka a gudun dogon zango, daga Bikila ake farawa, don El Wafi tutar Faransa aka ɗaga masa. Faransawan kuma da suka samu zinaren ba su ɗauke shi nasu ba har zuci. Haka ya zama kamar jemage, tsuntsaye ba su ce nasu ne ba, dabbobi ma haka.

To, a nan ne maganar kuɗi ta shigo. Dokar wasanni ta wancan zamani ta ce ɗan wasan Olamfik don sha'awa kawai zai yi, in ya karɓi ko sisi saboda wasa to ya zama ɗan sana'a, an kore shi. Waɗanda suka tsara dokar masu hali ne, 'ya'yan manya, waɗanda ba su taɓa tunanin kuɗin haya ba. Ga ɗan gidan sarauta wasa nishaɗi ne. Lebura kuwa duk awar da ya ɓata a fili daga bakinsa ya cire ta. Wannan doka ce ta sa aka ƙwace lambobin Jim Thorpe na Amurka a 1913, ba a mayar da su ba sai bayan shekara kusan 30 da mutuwarsa. Ita ce kuma ta hana Paavo Nurmi na Finland shiga gasar 1932, ta kuma kori Jules Ladoumègue na Faransa a wannan shekarar.

Bayan nasarar Amsterdam, masu shirya wasannin kuɗi na Amurka suka zo wa El Wafi da tayi: ya je ya yi wasu watanni yana tsere a gaban 'yan kallo masu biyan kuɗin shiga, a biya shi. Ka sa kanka a matsayinsa. Shekararka 30, kai lebura ne, zinaren da ka ci bai ƙara maka ko kwabo a albashi ba, ga kuɗin da ba za ka tara a masana'anta ba ko da ka shekara nawa. Ya amsa. A watan Oktoba na 1928 ya kara da Joie Ray a cikin zauren Madison Square Garden da ke New York, suna ta zagaye ƙaramin fili har nisan fanfalaki ya cika, ya kuma sake kayar da shi.

Yana dawowa Faransa hukumar wasannin guje-guje ta ƙasar ta cire sunansa. Shi ke nan, an rufe masa ƙofar gasa har abada. Abin takaicin shi ne gudun fanfalaki ba irin tseren mita 100 ba ne da ƙuruciya ke yi. Mutum yakan nuna ne bayan ya haura 30. Mamo Wolde na Habasha yana da shekara 36 ya ci zinare a 1968, Carlos Lopes na Fotugal yana da 37 ya ci a 1984, Constantina Dita ta Romaniya kuwa tana da 38 ta ci a 2008. Ke nan shekarun da El Wafi zai fi ƙarfi da wayon tsere su aka ƙwace masa, saboda kuɗin 'yan watanni.

Kuɗin ma ba su zauna ba. Ya zuba su a shagon gahawa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Austerlitz a Paris, tare da wani abokin kasuwanci. El Wafi ya san yadda ake raba numfashi a kan kilomita 42, amma littafin ciniki da takardar yarjejeniya ba fagensa ba ne. Abokin ya cuce shi, jari ya karye, shago ya tafi. Gwarzon Olamfik ya koma neman aikin ƙarfi a masana'antu, ga shekaru suna ja, ga jiki yana raguwa. Jaridun da suka buga hotonsa suka manta da shi ƙaƙaf. Kusan shekara 28 ba mai tambayar ina yake.

Abin da ya tono sunansa wani ɗan Aljeriya ne kamarsa. Ranar 1 ga Disamba, 1956, Alain Mimoun, yana da shekara 35, ya ci wa Faransa zinaren fanfalaki a Melbourne ta Ostireliya. Sai 'yan jarida suka tuna ashe an taɓa yin wani kafin shi. Da aka bincika aka same shi a bayan garin Paris, tsoho tun kafin tsufa, cikin talauci. Mimoun ya yi halin girma, ya sa aka gayyato shi liyafar da aka shirya a fadar shugaban ƙasa. Jaridar wasanni ta L'Équipe kuma ta buɗe masa asusun neman taimako daga masu karatu. Allah sarki, mutumin da aka kora don ya karɓi ladan guminsa, shi ne aka koma ana tara wa sadaka.

Bai daɗe yana cin moriyar wannan tunawa ba. Lokacin ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, wanda aka fara a 1954, kuma rikicin ya tsallaka har unguwannin 'yan Aljeriya a Faransa. Ranar 18 ga Oktoba, 1959, kwana uku bayan ya cika shekara 61, aka harbe shi a Saint-Denis, arewa da Paris. Wasu ruwayoyi sun ɗora kisan a kan 'yan ƙungiyar FLN mai fafutukar 'yanci, wasu kuma sun danganta shi da rigimar cikin dangi. An binne shi a maƙabartar Musulmi ta Bobigny. Yau akwai titi mai sunansa kusa da babban filin wasa na Stade de France. Allah Ya jiƙansa.

Wani zai ce ai wannan da ne, yanzu kuɗi sun shigo wasa. Gaskiya ne. Tun 1982 hukumar guje-guje ta duniya ta fara sassauta dokar, tseren Boston ya fara ba da kyautar kuɗi a 1986, kuma a gasar Olamfik ta Paris a 2024 hukumar ta ba duk wanda ya ci zinare a fanninta dala 50,000. Ɗan gudun yau yana samu ta hanya uku: kyautar nasara, kuɗin halarta da masu shirya tsere ke ba manyan sunaye, da kwangilar kamfanonin takalmi irin su Nike da Adidas. Amma duk ukun a kan ƙafa suke tsaye. Kwangilolin 'yan shekaru ne, kuma galibi akwai sharaɗin rage kuɗi idan mutum ya sauka a jerin gwanaye ko rauni ya hana shi fita. Fanfalaki kuma ba ƙwallo ba ce da ake bugawa kowane mako, babban ɗan gudu sau biyu ko uku yake fita a shekara. A ciki wakili zai cire kasonsa, koci ya cire, haraji ya cire, dangi kuma suna jira. Ranar da wani yaro ɗan shekara 22 ya fi ka sauri, wayarka ta daina ƙara.

A nan gida abin ya fi tsanani. Tun da aka fara tseren fanfalaki na Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ke kwashe babbar kyauta, namu kuwa, waɗanda yawancinsu 'yan Filato ne, suna fafatawa a kan kason 'yan gida. Tsere nawa ake yi a shekara da mutum zai riƙe iyali da su? Shi ya sa da yawa daga masu gudunmu ke fakewa a aikin soja, ɗan sanda, kwastan ko gidan gyaran hali, kamar dai yadda El Wafi ya fara shekara ɗari da suka wuce.

Duk ɗan Danja ya san halin tumatir. Ranar da ya nuna ranar ake sayar da shi, in ka yi jinkiri kwana uku sai dai juji. Manomi mai wayo shi ke yanka wani kaso ya shanya ya yi kauɗa, don ya san damina na zuwa. Ƙarfin ƙafa haka yake, ba ya ajiyuwa, sai dai a juya shi ya zama wani abu mai jure ajiya. Haile Gebrselassie na Habasha tun yana kan ganiyarsa ya fara zuba kuɗinsa a gine-gine da otal-otal da harkar motoci, yau dubban mutane ke cin abinci a ƙarƙashinsa. El Wafi ma ya yi niyyar haka da shagonsa. Abin da ya rasa shi ne ilimin da zai tsare dukiyar, da kuma wanda zai karanta masa takarda tsakani da Allah.

Wannan ilimin kuwa shi muke zaune a kansa a nan makaranta. Ɗan'uwa mai gudu, 'yar'uwa mai gudu, kada atisayen asuba ya sa ku riƙa barci a lacca. Difilomar akanta, ko ta injiniya, ko ta aikin gona, ita za ta rage a hannu ranar da gwiwa ta ce ta gaji. Duk takardar da aka miƙo muku ku sa hannu, ku karanta ta har ƙarshe, ku kai wa wanda ya fi ku sani. Mu kuma a ƙungiyar ɗalibai akwai namu aikin: mu nemi a riƙa biyan 'yan wasanmu alawus ɗinsu a kan kari, a kula da wanda ya ji rauni yana wakiltar makaranta, a kuma ba su damar rama jarrabawar da gasa ta sa suka rasa. Wanda ya ɗauko mana kofi bai kamata ya fita da satifiket mai rauni saboda mu ba.