Ɗan Kasawa, sarkin da talakawa suka kira

Dattawanmu da ƴan'uwanmu da ke ci-rani Yamai, Kano da Abija, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin Ɗan Kasawa, sarkin farko na Katsinar Maraɗi.

Ɗan Kasawa ɗan Sarkin Katsina Agwaragi ne. A 1807 mutanen Shehu ɗan Hodiyo suka ci Birnin Katsina, Ummarun Dallaji ya zauna. Gidan tsohuwar sarauta ya watse. Bayan rasuwar Magajin Halidu a Ɗankama sai aka naɗa Ɗan Kasawa, sarauta ba gari, ba gandu. Ya tahi Damagaram, ya yi kamar shekara 10 yana zaman baƙunci.

Ba shi ya ci Maraɗi da yaƙi ba, wannan ya kamata yaranmu na lakwal su sani. Aznan bakin gulbi ne suka gaji da Mani, wakilin Fulani, suka tashi suka kashe shi, kana suka aika ma Ɗan Kasawa ya zo. Wajen 1819 ya shigo. Wanda aka kira ya hau gado kuwa ya san masu kiran suna da baki cikin sha'ani.

Tsarin da ya zo da shi daga Katsina, sarki ba ya yanke babbar magana shi ɗaya. Akwai rukuni huɗu: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. Yaƙi na hannun Ƙaura. Galadima ya riƙe harkar gari da ta fada. Durɓi kuwa jinin Durɓawa ne, waɗanda suka riga gidan Korau mulki, amma ba a ture su waje ba. Su huɗun nan ke zaɓen sarki, in ya kauce su ke iya tuɓe shi. Su kansu kuma sarki ke naɗa su. Kowa na riƙe da igiyar wani. Abin da ya fi ba mu mamaki, Ƙaura da Galadima sarautun bayi ne, ga su suna zaɓen ɗan sarki. Mata da ƴan bori suna ƙarƙashin Iya. Aznan da suka kira shi ma an bar musu shugabanninsu da al'adunsu.

Mun ji wasu na cewa a haɗa ma shugaban ƙungiyarmu kuɗin asusu da takarda da hatimi, wai don aiki ya yi sauri. Mu dai ba mu ga haka ba a fadar Maraɗi, alhali su yaƙi ke gabansu kullum.

Ɗan Kasawa ya rasu wajen 1830 bai koma Birnin Katsina ba. Rauda ya gaje shi, ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali. Rukuni suka zauna, aka naɗa Ɗan Mari, gari bai watse ba.